Azumin da Ruwan Tafkin Yaya Mudi Ya Rikice

Yanzu a Agege ba a cika ganin layin bokitai ba. Kusan kowane gida ya haƙa bohol, an ɗora baƙin tanki a kan rufi, wanda bai haƙa ba kuma yana jan tiyo daga maƙwabci. A da famfon gwamnati ne gatanmu, sai rijiyoyin tsakar gida, kuma duk shekara idan zafin nan na gaban damina ya shigo, tare suke ƙafewa. Azumin bana ya faɗo daidai cikin wannan zafin. Wata ya zagayo ya dawo inda ya same mu shekara talatin da 'yan kai da suka wuce. Jiya da la'asar ina zaune a ƙofar masallaci, riga ta manne mini a baya, sama ta yi fari fat babu ko alamar hadari, sai na tuna da kaina tsaye a bakin tafkin gidan Yaya Mudi, riƙe da wata 'yar kwalba, na rasa abin da take faɗa mini.

Yaya Mudi ɗan wan mahaifina ne, haifaffen Agege, babban ɗan kasuwar goro. Gidansa yana can hanyar Abule Egba, ya saye shi ne a hannun wani ɗan Labanan, kuma a bayan gidan akwai wurin ninkaya na siminti mai shuɗin tayil. Mutanen gida suna ce masa ful, ni tafki nake cewa. Shekaru da yawa yana bushe, har ragunan layya an sha ɗaurewa a ciki. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Yaya, ƙafar hagu ta ƙi ɗaukarsa. Mutum ne mai jiki, a ƙasa ba ya wuce taku uku gwiwa ta lanƙwashe. Likita ya ce ya riƙa tafiya a cikin ruwa kullum, domin ruwa yana ɗauke wa ƙafa nauyi, ya kuma ja kunne cewa watannin farko su ne na aiki, idan gaɓa ta sandare ba lalle ta dawo ba. Aka gyara tafki, aka cika shi. Wata ma'aikaciyar jinya, Bayarabiya, Sista Bisi, tana zuwa kullum ta riƙe shi yana kai da komowa a ciki.

Ni kuwa a lokacin ban daɗe da dawowa daga yawo ba. Na yi Kumasi, na yi Abijan shekara bakwai, na zauna Kwatano da Njamena, na yi aikin sito a Jidda. Magungunan ruwan daga Kwatano aka sayo su, rubutun jikin robobin duk Faransanci ne, kuma a gidan ni kaɗai nake karanta shi. Shi ke nan aikin ya zama nawa. Na taɓa aikin gadi a wani otal a Abijan, na sha ganin masu kula da ruwa suna aikinsu daga nesa, na ɗauka gani ya isa. Matar Yaya, Hajiya Ladi, ba ta kirana da sunana Garba, sai Ɗan Abijan, wai ba na iya shan ruwa sai na ce na Abijan ya fi shi.

Kafin azumi ya kama Yaya yana zagaya tafkin sau goma sha biyu, ya fara sakin hannun Sista. Ranar da aka ga wata ya tara mu ya ce ba zai ajiye azumi ba ko da an yi masa rangwame, kuma ya yi niyyar ranar idi zai tsaya a sahu da ƙafarsa, ba a kan kujera ba. Ya tambayi liman, liman ya ce shiga ruwa zuwa ƙirji ba ya karya azumi muddin bai haɗiye ba. Aka mayar da lokacin shigarsa bayan la'asar.

Na zauna a wurare masu zafi. Na Njamena yana busar da leɓe, amma idan ka sami inuwa ka tsira. Na Jidda yana da iskar teku da yamma. Na Legas a wannan lokacin jiƙaƙƙe ne, yana bin ka har cikin inuwa, zufa ta fito ta ƙi bushewa, ƙuraje su feso wa yara a wuya. Ranar uku ga azumi famfo ya ɗauke. Ranar biyar rijiyar layinmu ta koma laka, guga yana dawowa da rabin taɓo. Masu kurar ruwa suka yi wuyar gani. Mata suna fita tun bayan sallar asuba da daro a ka, su dawo rana ta take da ruwan da bai isa dama kunu da alwala ba.

Duk layin an san akwai ruwa a bayan gidan Yaya. Wata dattijuwa ce ta fara shigowa, ta roƙi bokiti ɗaya na wanke jikoki. Hajiya ta dube ni, na ce mata ruwan magani ne, ba a sha, kuma idan ya ragu injin da ke juya shi zai fara shaƙar iska. Ta ce ta ji, amma ita ba a haife ta a gidan da ake rufe ƙofa ga mai neman ruwa cikin azumi ba. Aka kai maganar gaban Yaya, ya ce a buɗe. Ban yi musu ba, ni ma da gidana ne haka zan yi. Hausawa, Yarabawa, matan Buzaye masu gadi, kowa da bokitinsa. Cikin kwana huɗu ruwa ya sauka kusan kamu biyu, inji ya fara tari.

Sai muka nemo tanka. Da ƙyar aka samu wani direba da ya ce daga wata bohol a wajen Ikorodu yake ɗebowa. Ya iso ana shirin azahar, ranar tara ga wata. Ya buɗe tiyo, na tara hannu, ruwa garau kamar na kwalba, da sanyinsa.

A nan ne na yi abin da har yau nake juyawa. Ni mutum ne mai sanin ruwa da harshe. Kakanmu mahaƙin rijiya ne, kuma duk garin da na sauka abin da nake fara yi ke nan, in kurɓa in ji ko zartsi ne, ko na kanwa, ko mai ƙarfe. Ban taɓa karɓar ruwa ban ɗanɗana ba. Ranar nan na ɗago shi har kusa da baki, maƙogwarona a bushe kamar takarda, na ji tsoron idan ya taɓa harshena ba zan iya tofarwa ba. Na zubar, na goge hannu a riga, na ce wa direba ya sauke. Hajiya ta sa aka cika mata duro ɗaya a kicin, sauran duk ya shiga tafki. Na auna farin garin kulorin, maganin tsabtace ruwan, yadda na saba, na watsa.

Kafin la'asar ruwa ya yi kore. Ba kore mai kauri ba, ana ganin ƙasa, amma kore ne. Sista Bisi ta leƙa ta ce yau a huta. Na ce mata gansakuka ce, zafi ne ya kawo ta, a Abijan idan haka ta faru magani ake ninkawa. Na ninka sau uku.

Da gari ya waye na fito na tarar ruwa ya koma kamar shayi. Ja-ja, baƙi-baƙi, har matakala ta biyu ba a gani. Na tsaya ina kallo, ina neman inda na taɓa ganin gansakuka ta koma ja, ban tuna ba.

Akwai 'yar kwalbar gwaji mai ido biyu da ta zo tare da magungunan. A ido ɗaya ana jefa ƙwaya, idan akwai kulorin ruwan ya yi ruwan hoda, a gwada da launukan da ke jikin kati. A ɗayan ana ɗiga jan magani don a ga ko ruwan ya yi tsami. Na jefa ƙwaya. Ruwan hoda ya yi wal ya ɓace, kwalba ta koma fara. Kati ya ce babu magani ko kaɗan. Amma hancina yana jin warinsa tun daga ƙofar kicin, idona yana yaji. Na ɗiga jan maganin a ɗaya idon, ya ba ni wani launi kamar na zoɓo, wanda babu shi a kati sam. Na sake karanta takardar Faransancin daga sama har ƙasa, na juya bayanta, na karanta ta Ingilishi da ɗan abin da na iya. Duk abu ɗaya suke faɗa: idan kwalba ta yi fari, a ƙara. Na ce wa kaina takarda ta fi hancin mai azumi. Na ƙara.

Kwana uku ina haka. In gwada da safe, fari, in ƙara. In gwada da azahar, fari, in ƙara. Matan layi suka daina zuwa, wata ta ce zanenta ya koɗe a wanki ɗaya. Yaya yana zaune a baranda a kan kujerarsa, carbi a hannun dama, idan na wuce sai ya ce, “Garba, yaya ruwan?” In ce gobe in Allah ya so.

Sista tana zuwa duk da haka, tana murza masa ƙafa a kan tabarma, tana ɗaga ta tana saukewa. Ta ce wannan riƙon ƙwarya ne kawai, tafiyar ita ce maganin. Na kawo shawarar a riƙa kai shi wani otal a Ikeja mai irin wannan tafki. Yaya ya tambaye ni su wa ke wanka a can. Na faɗa masa gaskiya, maza da mata, da kayan da na sani. Ya ce shi da furfurarsa, cikin watan azumi, ba zai tuɓe riga a tsakiyarsu ba, a bar maganar.

Da kulorin ya ƙi, sai na koma ga abin da na gada. A gidanmu idan ruwan randa ya yi jirwaye, alif ake jefawa, kafin a jima datti ya kwanta. Na ce tafki ai babbar randa ce. Na je kasuwa na cika buhu da alif, muka daka a turmi ni da mai gadi, na watsa ko'ina. Abin da ban lura ba shi ne randa ba ta da inji. Na bar janareta yana aiki, inji yana ta juya ruwan, alif ya kama datti ya yi gudaji-gudaji kamar madarar da ta tsinke, ya rasa inda zai kwanta, ya tafi ya toshe tankin yashin da ke tace ruwa. Inji ya yi ta gurnani, abin da yake fitarwa bai wuce zirin buta ba.

Ranar nan bayan an sha ruwa na ɗebo kaɗan na taɓa a harshe. Ɗaci, bauri, da wani tsami mai kama haƙori. Na faɗa wa Hajiya. Ta ce tun da take ba ta san abin da ke kashe tsami ba sai kanwa, ko a miya ko a kunu. Maganar ta shige ni, domin a takardar ma an ce idan ruwa ya yi tsami a zuba wani farin gari, kuma wannan garin namu ya ƙare. Washegari na jiƙa jar kanwa cikin daro biyu na tuttula.

Kafin azahar tafki ya yi fari, kauri, da ja a ƙarƙashi. Hajiya ta fito da ludayi a hannu, ta tsaya ta daɗe tana kallo.

“Ɗan Abijan,” ta ce, “kunun kanwar ya yi. Saura a kira mutanen layi da kofuna.”

Na yi dariya don kada ta ga fuskata. Ita ma dariyar ba ta kai mata ciki ba, don da ta juya sai baranda ta duba.

Waɗannan kwanakin su ne mafi tsawo da na sani. Yunwar azumi ba ta dame ni ba kamar ƙishirwa, ga ruwa cike a gabana wanda ko kaza ba za ta sha ba. Kullum hadari yana haɗuwa ta wajen teku da yamma, ya yi baƙi, a ji ƙamshin ƙasa, sai iska ta kwashe shi. Na fara zargin komai. Na ce ko maganin Kwatano jabu ne. Na ce ko tayil ne yake narkewa. Mai gadi, wani mutumin Tawa, ya ce shi dai a ganinsa baki ne, mutane da yawa sun ga ruwan. Ban yarda ba, amma da liman ya zo duba Yaya ban hana shi tofa addu'a a tafkin ba.

Sista Bisi ce ta kawo mai ceto, ranar sha tara ga wata. Wani dattijo ɗan Togo, Musiyo Komla, wanda ke kula da ruwan wani kamfani a Isolo. Ya sauko daga motar haya ta danfo da jakar leda, gajere, ba ya son magana. Da ya ji ina Faransanci sai ya sake. Ya sa na lissafa masa duk abin da na zuba, da rana da rana. Da na kai kan kanwa ban san sunanta a Faransanci ba, na kawo masa gutsure. Ya lasa, ya tofar, ya dube ni, ya dubi tafkin.

Ya karɓi kwalbar gwajin. Ya zuba ruwan tafki kaɗan ƙwarai, ya cika sauran da ruwan kwalba na sha, sannan ya jefa ƙwaya. Ruwan hoda ya fito jawur ya tsaya. Ya ce ba rashin magani ba ne, yawansa ne. Idan kulorin ya wuce kima yana cinye launin gwajin kansa, yadda ya cinye launin zanen matar nan, sai kwalba ta nuna fari. Wato kwana da kwanaki kwalba tana cewa ya yi yawa, ni ina jin babu.

Sai ya tambaya ko akwai sauran ruwan tanka da ba a taɓa ba. Hajiya ta ɗebo daga ƙasan duronta a kofin gilashi. Ya jefa ɗan garin kulorin da bai wuce kan farce ba, ya ajiye a rana. Muna tsaye ruwan ya fara rawaya, kafin mu gama magana ya koma ja. Ya ce ƙarfe ne narkakke a cikin ruwan bohol ɗin, ido ba ya ganinsa sai magani ya taɓa shi ya zama tsatsa. Koren da na gani ranar farko ba gansakuka ba ce, rawayar tsatsa ce a kan shuɗin tayil. Da na bar shi ya kwanta kwana biyu na zuƙe, da an wuce wurin.

“Ba ka ɗanɗana ba da aka kawo?” ya tambaye ni. “Irin wannan ruwan ai harshe yana ji.”

Na ce ina azumi. Ya gyaɗa kai kamar ya gane, ban sani ba ko ya gane.

Da aka kira magariba, kafin dabino, na kurɓi ruwan duron. Kamar na tsotsi tsohon mabuɗi. Da na taɓa shi ranar da tanka ta zo, da ko ɗigo bai shiga tafki ba. Daga baya na tambayi liman, ya ce ɗanɗano a tofar ba ya karya azumi idan da buƙata. Na san haka tun ina yaro. Sanin bai zo mini ba a lokacin da nake tsaye a rana.

Maganin da Musiyo Komla ya bayar shi ne a daina komai. A kashe inji, a bar rana ta ƙone kulorin, datti ya kwanta, a zuƙe shi da tiyo zuwa kwata, a canja yashin tanki, a zubar da rabin ruwan a kawo sabo. Duk mun yi, ban da na ƙarshe. Sabon ruwa babu. Famfo shiru, tankokin da ke ɗebo mai kyau an yi musu layi na kwanaki, na Ikorodu kuwa ko kyauta ba ma so. Tafki ya zauna rabi, iya cinya, ba zai ɗauki nauyin Yaya ba.

Ruwan sama ya sauko ranar ashirin da shida, bayan azahar. Na fari mun bar shi ya wanke rufi. Daga nan muka juya indararo da kwanon rufi zuwa tafki, sai ga matan layi sun shigo ba wanda ya kira su, kowace da abin da ta tara a ƙofarta, suna juyewa suna komawa, zannuwa sharkaf, suna tsokanata da Yarabanci wai kada in ƙara musu gishiri. Aka yi kwana biyu ana ruwa. Musiyo Komla ya dawo ya gwada da hannunsa, ya auna magani da cokali, ya ce gobe a shiga.

Ranar ashirin da tara Yaya ya shiga, bayan kwana ashirin a kan kujera. Ni da mai gadi muka saukar da shi matakala, Sista tana ciki tana jiransa. Ruwa garau, ana ganin yatsun ƙafarsa a kan tayil. Ya ɗaga ta dama ya ajiye. Ya tsaya. Muna kallon ta hagu ta cikin ruwa, tana nan inda take, yatsun sun lanƙwashe ciki. Sista ta sunkuya ta ɗaga masa ita da hannu, ta ajiye gaba, ta ce, “Baba, saura ɗaya.” Ya yi taku shida haka, duk da hannunta, sannan ya ce a fitar da shi, sanyi yake ji.

Likita ya ce mai yiwuwa ko da ba a tsaya ba iyakar inda ƙafar za ta kai ke nan, irin wannan ciwon ba a yi masa alkawari. Sista Bisi da na tambaye ta a bakin ƙofa ta ce ita ta ga mutum yana zagaye goma sha biyu, iyakar abin da za ta ce ke nan. Na rasa wanda zan ɗauka a cikinsu, har yau ban ɗauka ba. Wani lokaci in ce laifin harshena ne da ban yi amfani da shi ba, wani lokaci in ce na takardar ne, wani lokaci in tuna ƙofar da aka buɗe wa masu bokiti, in ga ko yau aka sake ba zan ce a rufe ba. Yaya bai taɓa ɗora mini ba. Sau ɗaya na fara ba shi haƙuri, ya katse ni ya ce in miƙo masa goro.

Ranar idi a mota muka kai shi, na ɗauki kujerar roba na ajiye masa a ƙarshen sahu. Ya ci gaba da shiga ruwan har bayan babbar salla, ruwan bai sake ɓaci ba ko sau ɗaya. Ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan wannan azumin, kuma bai ƙara yin salla a tsaye ba.